Ɗigon Sandar Farfesa

Tun da Farfesa ya yi ritaya, aiki guda ne ya rage masa a ɗakin gwajin da shi ya kafa, kuma ba ya wasa da shi. Kowace Litinin yakan zo da safe, ya sa farar rigar aiki, ya wanke hannu har gwiwa, ya cika sandunan dogaro.

Ga wanda bai san sana'ar ba, abin ba shi da wuyar fahimta. A ɗakin ana auna ƙwayoyin gishirin da jikin mutum ke rayuwa da su, irin su kalshiyam da fotashiyam, waɗanda in sun yi yawa ko sun gaza a jini zuciya kan rikice. Sanduna biyu na gilashi ake tsomawa a ruwan da za a auna. Ɗaya ita ce sandar ji, mai siririn tantani a bakinta, wanda ba ya kula komai sai irin gishirin da aka yi shi dominsa. Ɗayar ita ce sandar dogaro, wadda aikinta shi ne ta tsaya yadda take, don a sami abin gwada ta farkon da shi. Bambancin lantarkin da ke tsakaninsu shi ne lambar da mita ke nunawa. Sandar ji, kowane ɗalibi shi ke haɗa tasa. Sandar dogaro kuwa, tun ranar da aka buɗe ɗakin, Farfesa kaɗai ke cika ta, da ruwan gishirin fotashiyam mai kauri, kamar yadda malaminsa ya cika tasa, kamar yadda malamin malaminsa ya yi. Ɗalibai sukan tarar da su jere a mazauninsu, su ɗauka, su yi aiki, su mayar. Ba a taɓa jin wanda ya tambayi abin da ke ciki ba.

Shugabar ɗakin ta yanzu, wadda kowa ke kira Dakta, ɗalibarsa ce tun tana ƙaramar yarinya mai tsoron fasa gilashi. Lokacin da ya sauka, wasu a sashen sun so a ba ɗalibai teburinsa na kusa da taga. Ita ce ta tsaya kai da fata, ta ce muddin sandunan na buƙatar hannunsa, teburin nasa ne. Sharaɗin ke nan, kuma Farfesa ya fi kowa riƙe shi, domin ya sha ganin tsofaffin da ake ajiye wa kujera saboda kunya kawai, ana gaishe su da ladabi ana jiran su tashi. Ya daɗe da yanke wa kansa hukunci cewa ba zai zama ɗayansu ba.

A wannan shekarar akwai wata ɗaliba mai neman digiri na uku, malamar makaranta ce da aka ba hutun karatu, ana ce mata Maman 'Yan Biyu. Duk waɗanda suka riga ta a ɗakin kalshiyam suka auna. Ita ce ta farko da ta taɓa fotashiyam. Aikinta shi ne ta gano yadda wani furotin ke riƙe fotashiyam, da yadda zafi ke canza ƙarfin riƙon, domin daga nan ake lissafa ɗumin da ke fita ko shiga yayin da suka haɗu. Furotin ɗin wuyar samu gare shi. Sai ta yi makonni tana tacewa kafin ta tara abin da bai cika cokali ba. Saboda haka a wani ɗan kofi take awo, wanda bai fi murfin kwalba girma ba, kuma samfuri ɗaya take zaunarwa a bahon ɗumama tun safe, tana ƙara zafi mataki mataki har yamma.

Wata Litinin Farfesa na kan aikinsa, Dakta ta shigo da takardar zanen sakamakon awo a hannu, ta tsaya a kan ɗalibar.

"Zanen ya yi kyau, Maman 'Yan Biyu, ya ma yi kyau da yawa. Shi ya sa ban yarda da shi ba."

"Haba Dakta! In ya yi muni laifi, in ya yi kyau laifi?"

"Kin ce da zafi ya ƙaru furotin na sakin fotashiyam. To, na ji. Da kika sanyaya ruwan, me ya hana shi sake kamawa? Lamba ta hau ta ƙi sauka. Abin da ke tafiya ba ya dawowa, ba za ki yi masa wannan lissafin ba. Mai jarrabawar da za a kawo daga wata jami'a, tambayar farko da zai yi miki ke nan, kuma mutumin nan ba ya dariya."

"Wataƙila zafi ne ya lalata furotin."

"Ko kuma tantaninki ne ke gajiya kafin yamma. Sake wani."

Ɗalibar ta buɗe aljihun tebur ta nuna mata tarin tantanin da ta cire. "Wallahi na sake har yatsuna sun fara warin roba. Jiya yaran suka ce mini, Mama, ke kafinta ce?"

Dakta ta yi ɗan murmushi, amma ba ta sauko ba. "Ni dai na faɗa miki. In ba a gano dalili ba kafin a aika kundin digirinki, zan cire babin. In na cire shi kuwa, abin da ya rage bai kai a kare ba bana."

"Hutuna zai ƙare, Dakta. In na koma aji, kin san ba dawowa zan yi ba."

"Na sani. Sake tantanin."

Farfesa ya ci gaba da aikinsa, domin ba ɗabi'arsa ba ce ya sa baki tsakanin malami da ɗalibinsa. Shi ma ba a yi masa haka ba a zamaninsa. Ya gama cika sanda ta ƙarshe, ya ɗaga ta a hasken taga yana duba ko akwai kumfar iska, ya goge bakinta da ƙyalle. Da ya sake dubawa sai ya ga bakin ya ɗan jiƙe, kamar yadda ya kamata. Sandar dogaro dole ta yi tsatsafa, ta wani ɗan toshi mai ƙananan ramuka, in ba haka ba lantarki ba zai zagaya ba. Ya ga wannan jiƙar sau ba adadi a rayuwarsa, kullum alamar aiki mai kyau ce. Ya kai sandar teburin ɗalibar da kansa, ta karɓa da hannu biyu tana cewa, "Sannu da ƙoƙari, Baba," ta tsoma ta a ɗan kofinta. Ruwan ya ɗago har ya kusa zuba, don sandar kaɗai ta cinye rabin wurin.

Ya tsaya yana kallon kofin fiye da yadda ya saba.

"Da kika gwada ruwa zalla ba furotin, a wane kofi kika yi?"

"A babban, Baba. Wancan ai ba tsada gare shi ba, ina da shi har jarka. Lambar ba ta ko motsa ba."

"Kin daɗe kina jira?"

"A'a, tunda ta tsaya me zan jira?"

Ya gyaɗa kai, ya koma teburinsa, ya wanke sirinji, ya rufe kwalbar gishirin, ya yi sallama ya fita kafin lokacin da ya saba.

A hanya cikin mota ya yi lissafin da ka, ya sake yi, bai canza ba. Ruwan da ke cikin sandarsa ya fi na kofinta kaurin fotashiyam ninki dubbai. A babban kofi, cikin ɗan lokaci, tsatsafar ba ta komai. A murfin kwalba, tun safe har yamma, ga ɗumi na ƙara mata gudu, ta isa ta ɗaga lamba yadda aka gani. Furotin bai saki komai ba. Tantaninta kuma lafiyarsa ƙalau, gaskiya yake faɗa: fotashiyam na ƙaruwa, daga sandar Farfesa yake zuwa.

Bai ɗauki wannan a matsayin kuskuren shekarun baya ba, kuma ba kuskure ba ne. Ga masu auna kalshiyam, gishirin fotashiyam baƙo ne da ba ruwansa da zance, shi ya sa magabata suka zaɓe shi. Abin da ya dame shi daban ne. Ya san maganin: a sa wa sandar riga ta waje, a cika ta da wani gishiri dabam, ya zama shi ke taɓa samfurin. Irin wannan rigar ba ta jiran Litinin. Kowace safiya ake zubar da ruwanta a sake, wani lokaci har da tsakar rana, kuma mai awo ne ke yi da hannunsa. Ya kuma ji Dakta na cewa ɗaliban da ke tafe duk fotashiyam za su yi. Wanda ya iya cika rigar waje, cika ta ciki ba za ta gagare shi ba.

A gida maiɗakinsa, tsohuwar nas wadda ta yi aikin ɗakin masu ciwon ƙoda har ta yi ritaya, ta kawo masa abinci ta zauna tana gyaran gilashin idonta. Ta ga yana juya cokali.

"Malam, gishiri ne ya yi yawa?"

"Gishiri ne, amma ba naki ba."

Ya yi mata bayani dalla-dalla, kamar yana gaban aji, har da zana kofin da yatsa a kan tebur. Ta saurara har ya kai aya.

"To ka gaya musu?"

"Ba a yanke hukunci kafin gwaji."

"Wannan amsar ɗalibai ce, ni matarka ce. Ka gaya musu?"

"Dakta na da wayo. Za ta gano da kanta, in an ba ta lokaci."

"Yarinyar tana da lokacin?"

Ya ci gaba da juya cokalin.

"Ni dai abin da na sani," in ji ta, "a wurinmu in aka kawo sakamakon fotashiyam ya yi sama, kafin a tayar wa dangi hankali sai a tambayi yadda aka ɗebi jinin. Sau da yawa hannun mai ɗiba ne. Kuma ba a korar kowa, sake ɗiba ake yi."

"Ni ba korata za a yi ba. Ƙarewa aikin zai yi."

"Sai ka zauna a gida in riƙa ganinka. Ko ni ce ba ka son gani?"

"Ba a yi mini tambaya irin wannan ba tun ranar da na kare kundina."

"Kuma ranar ma ka ci da ƙyar, na ji labari. Ci abincinka."

Washegari Talata ce, ranar da ba a taɓa ganinsa a ɗakin ba tun da ya sauka. Maman 'Yan Biyu na tsaye tana yanka sabon tantani, ta ɗago a firgice.

"Baba, lafiya? Ko ni ce na rikita kwanaki?"

"Ajiye wuƙar. Ɗauko ɗan kofinki, ki zuba ruwa zalla, ba furotin. Tsohon tantaninki za ki sa, wanda aka ce ya gaji. Sannan ki kira mini Dakta."

Dakta ta zo tana duba agogo, taro na jiranta. Farfesa ya sa aka tsoma sandunan biyu, ya hana a kunna bahon ɗumama, ya jawo kujera ya zauna ya harɗe hannu.

"Malam, me muke jira?"

"Zauna, Shugaba. Taron ba zai gudu ba, na san su."

Lambar ta tsaya da farko. Ɗalibar ta buɗe baki za ta ce ga shi nan, ya ɗaga mata yatsa. Can sai lambar ƙarshe ta mita ta canza. Ta tsaya. Ta sake canzawa, duk gefe ɗaya, sama. Ba furotin, ba zafi, ba abin da zai saki komai, amma fotashiyam na ƙaruwa a kofin.

Dakta ta dubi mita, ta dubi kofin, sannan idonta ya sauka a kan sandar dogaro. Ta dafe goshi.

"Innalillahi. Malam, ni fa nake koyar da wannan a aji. Kowace shekara nake zana shi a allo."

"Ni na koya miki, a wancan allon. Ba mu taɓa buƙatarsa a nan ba, shi ya sa ya zauna a allo."

Maman 'Yan Biyu ta fi su jinkirin ganewa, da ta gane kuwa ba godiya ta fara yi ba. Ta ja kujera ta zauna, idonta ya kaɗa.

"Wato duk zanena mai kyau, sandar Baba ce ke zuba mini gishiri? Tantani nawa na zubar! Furotin nawa! Na bar yara da zazzaɓi wurin ƙanwata na zo na zauna ina kallon ɗigo!"

"Haka ne," in ji Farfesa. Bai ba ta haƙuri da dogon zance ba, bai kuma kare kansa ba. "Tantaninki ya fi mu gaskiya, mu uku. Furotin ya rage?"

"Kaɗan, a firji."

"Zai kai awo biyu?"

"In na yi tsimi."

"To tashi. Kuka ba ya cikin lissafin."

Ya aika aka nemo bututun gilashi mai ɗan faɗi, ya nuna mata yadda za a toshe ƙasansa, a zura sandar a ciki, a cika tsakani da ruwan gishirin litiyam, wanda tantaninta bai damu da shi ba. Ya yi na farko yana magana a hankali, sannan ya zubar, ya miƙa mata sirinjin. Ta ƙi karɓa.

"Baba, ai ba a taɓa sandarka."

"Daga yau ana taɓawa. Karɓi."

Ta yi na farko, kumfa ta maƙale a ƙasa. Ya ce ta zubar. Ta sake, ta cika har ya malalo mata a yatsu. Ya ce ta zubar.

"Baba, ko su 'yan biyun ba sa ba ni wahala haka."

"Su ba za su zauna a gaban mai jarrabawa ba. Karkata bututun, ki bar ruwan ya bi bango. Kada ki tura, ki raka shi."

Da ta samu, sai ya sa ta buɗe ta ciki ma, ta zubar da abin da shi ya cika jiya, ta sake cikawa da hannunta. Dakta, wadda ta riga ta manta da taronta, ta lura da wannan, ta dube shi.

Aka tsoma sabuwar sandar a ruwa zalla. Suka jira har aka gaji da jira, aka kunna baho, aka ɗumama, aka sanyaya. Lambar ta tafi inda lissafi ya ce ta tafi, ta dawo inda ta taso.

Awon furotin ya ɗauki sauran makon. Sakamakon da ya fito ƙarami ne, ba na ɗaga murya ba: zafi na sassauta riƙon, amma kaɗan, kuma in an sanyaya yana komawa. Dakta ta ce wannan za ta sa hannu a kansa ko a gaban wa. Ta ƙara da cewa a rubuta labarin ɗigon a babin yadda ya faru, domin na baya su sani. Maman 'Yan Biyu ta yi gunaguni cewa tsohon zanen ya fi kyau a ido, ta rubuta.

Litinin ta zagayo. Farfesa ya zo kamar kullum, ya tarar da sandunan jere a mazauninsu, a cike, kowace da rigarta. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a hasken taga. Ba kumfa. Ya mayar da su, ya shiga kwashe 'yan kayansa daga aljihun tebur yana sawa a jaka: tabarau na biyu, kofin shayi, da wani tsohon ma'aunin zafi da ya zo da shi daga ɗakin malaminsa.

Dakta ta tarar da shi a haka.

"Malam, me ke nan? Ba wanda ya ce ka tashi."

"Ke kika faɗi sharaɗin a gaban sashe, ni kuma na ji."

"Sharaɗin na rufe bakin mutane ne. Ka zo ka zauna, ka duba mana rubutu, ka yi mana faɗa. Wa zai hana?"

"Malamina ya bar ɗakinsa ranar da na ƙera sandar gilashin da ta fi tasa. Bai yi fushi ba, bai kuma dawo ya zauna yana kallona ba. In kuna da tambaya, kin san gidan, kuma tsohuwar na son baƙi. Teburin ki ba wanda zai zo. Hasken tagar na da kyau wajen duba kumfa."

"Ranka ya daɗe, taurin kanka bai yi ritaya ba."

"Ba a ba shi takarda ba."

Ta raka shi har bakin ƙofa tana riƙe da jakar, ya karɓa. Kafin ya fita ya juya ya ce a ɗauke kwalbar gishirin fotashiyam daga wancan gefen gaba ɗaya, a ba ta wurin ajiya nata daban, domin hannun da ya taɓa ta ya taɓa ɗan kofi ya isa ya ɓata awon yini. Dakta ta ce za a yi yau.

Ya yi wa Maman 'Yan Biyu sallama. Tana tsakiyar awo, idonta a kan mita, bironta a sama.

"Baba, ka yi haƙuri, ba zan iya ɗagowa ba, tana gab da tsayawa. Ka zo ranar karewa fa, in mutumin nan ya matsa mini in nuna ka in ce ga mai laifin."

"Zan zo. Kada ki rubuta sai ta tsaya sosai."

"Ta tsaya."

"Ƙara jira kaɗan."

Ta ƙara. Ya ga biron ya sauka a kan takarda, sannan ya ja ƙofar a hankali don kada iska ta kaɗa ruwan bahon, ya sauka zuwa inda ya ajiye motarsa.